Goron Agege da 'Yar Tsiron Bayan Sito

Ɗaurin auren ɗan kawuna ne ya kai ni Legas a ƙarshen watan Yuli. Na baro Kano gero ya kai gwiwa, kowa idonsa na sama yana lissafin hadari, na iske mutanen Ikko su kuma suna fatan ruwan ya ɗan tsagaita. Daminarsu kashi biyu ce: ta farko tana tsananta a watan Yuni, ta ɗan huta wajen Agusta, sannan ta dawo a Satumba da Oktoba. Abin da ke zuba musu a shekara kusan ninki biyu ne na namu.

Mota na bi har Badun. Tun kafin gadar Jebba an bar gawo da aduwa a baya, daga Ilori zuwa Ogbomosho kaɗanya ma ta fara ƙaranci, kwakwar manja ta karɓi bakin hanya. A Moniya na shiga jirgin ƙasa, sabon layin nan da aka buɗe a 2021, na sauka a tashar Agege. Babu wani kurmi a Agege yanzu. Kwano ne da siminti iya ganinka, da gadar sama ta Pen Cinema, da yaran danfo suna ƙwala kiran sunayen unguwanni, da masu tallan burodin nan mai laushi da ya yi suna. Amma kana kutsawa unguwar Hausawa sai kunnenka ya koma gida. Sallama da Hausa, ciniki da Hausa, faɗa ma da Hausa, sai dai yaran da aka haifa a nan kan juya harshe zuwa Yarabanci ko buroka a tsakiyar magana ba su ma lura ba.

Kawu fataucin goro ya gada, sitonsa kuma yana bayan gida. Wanda bai taɓa shiga siton goro ba zai ɗauka ajiya ce kawai, alhali aiki ne da ba ya ƙarewa. Kwanduna ne a jere, kowanne an shimfiɗe cikinsa da ɗanyen ganye mai faɗi, an zuba goro, an lulluɓe. Lokaci-lokaci sai a zazzage, yara su zauna su bi shi ɗaya bayan ɗaya. Mai sankara a ware, wanda ya fara ruɓa a jefar, wanda ya fara tsiro a karye masa tsiron, a sauya ganyen da ya yi yaushi, a yayyafa ruwa daidai wa daida. In ruwan ya yi yawa goro ya yi funfuna, in ya yi kaɗan ya yamutse. Da wannan wahala ce goron bana yake kaiwa baɗi ya zama daushe, kuɗinsa ya tashi. "Goro jariri ne," in ji Kawu. "Ranar da ka manta da shi, ranar ka fara kukan asara."

Da daddare, bayan an watse daga hidimar biki, ya ba ni labarin yadda Hausawa suka kafu a nan. Kakanninmu ba Ikko suka sani ba, Gwanja suka sani. Ayarin fatake, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, su ɗora wa jakuna kanwa da fata da tufafin rini su nufi Salaga, su sayo goron kurmin Asante, tafiyar watanni. Da yaƙin Ingilishi da Asante na 1874 da rikicin Salaga na 1892 suka dagula waccan hanya, sai goro ya koma bin teku daga Akra zuwa Legas. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka yi wannan fatauci kafin ya koma kan gyaɗa. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. A wannan zamanin ne manoman Agege da Ota suka shiga dasa irin goron Gwanja, mai ɓari biyu, wanda masana ke kira Cola nitida, domin wanda ƙasar Yarabawa ta sani tun asali shi ne hannun-ruwa, Cola acuminata, mai ɓari uku ko fiye, wanda bakin Bahaushe bai cika so ba. Ga tasha, ga goro, sai fatake suka sauke kaya suka zauna. Yau gonakin sun zama gidaje. Goron da ke siton Kawu daga Shagamu yake zuwa, da ƙauyukan Ondo da Osun.

Da safe na zaga bayan siton, inda ruwan wanke kwanduna yake gangarawa, na tarar da autar Kawu a tsugune da ɗan gilashin ƙara girma a ido, hancinta ya kusa taɓa ƙasa. Kimiyyar tsirrai take karantawa a Jami'ar Legas da ke Akoka. Ni da ita taubasai ne, ba ma raga wa juna.

"Me kika yar? Ko kuɗin makarantar ne suka faɗi?"

"Yaya, tsuguna ka gaida na gaba da kai. Wannan ta girmi goron Baba, ta girmi kukar ƙofar gidanku."

Na tsuguna. A kan ƙasar da ƙafa ta daddaɓe akwai wasu 'yan da'irori kore manne da ƙasa, kowace faɗinta bai wuce santimita 2 ba. Duk Bahaushen da ya gani gansakuka zai ce ya wuce. Ta miƙo mini gilashin. Babu ganye, babu kara. Jiki ne guda shimfiɗaɗɗe, ya rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, da ɗan kwari a tsakiyarsa tun daga gindi har baki. Ta sa tsinke ta ɗaga gefe ɗaya, sai ga wani farin gashi siriri a ƙarƙashi. Na ce ga saiwar nan. Ta ce a'a, kowane zare ƙwayar halitta ɗaya ce tak, aikinta riƙe ƙasa da ɗan tsotson laima, ba ta da abin da saiwa ke da shi a ciki.

Riccia ce sunanta, 'yar dangin da masana ke kira tsirran hanta. Ba ita ce gansakukar da ke yauƙi a kan ruwan kududdufi ba, ba kuma ita ce mai laushin nan da ke rufe tsohon bulo ba, wadda in ka duba za ka ga 'yan ganyayyaki a kan ɗan kara. Kowace da gidanta. Tsirran hanta sun haura iri 7,000 a duniya, masu fure kuwa sun kusa 300,000. Amma a shekaru, in ji ta, babu haɗi. Masana duwatsu sun tono ƙwayoyin iri masu kama da na tsirran hanta a ƙasar Ajantina, waɗanda suka ƙiyasta shekarunsu wajen miliyan 470, alhali tabbatacciyar alamar masu fure ba ta wuce wajen miliyan 130 ba.

Na tambaye ta me ya hana ta tashi tsaye, tun da ta samu wannan dogon lokaci. Ta ce bututu. Bishiyar goro tana da jijiyoyi iri biyu a jikinta, ɗaya na jan ruwa daga saiwa ya kai shi ganyen da ke mita 15 a sama, ɗaya na sauko da abincin da ganye ya haɗa. Itacen da muke sassaƙawa ma daga bangon waɗannan jijiyoyin ruwa yake samuwa. Riccia ba ta da su, don haka ba ta nisa da laimar ƙasa. Girmanta ma na daban ne: baki yana ci gaba, gindi yana mutuwa, idan mutuwar ta iso mararraba sai rassan biyu su rabu, ɗaya ta zama biyu ba fure ba iri.

Ita ce ta matsa sai an kai ni na ga furen goro. Kawu yana da wani tsohon abokin ciniki, Bayarabe, mai sauran gona bayan Ikorodu a hanyar Shagamu. Muka bi ta Ojota da Ketu, muka tsaya cak a Mile 12, inda tireloli daga Arewa ke sauke tumatir da albasa da tattasai. A cikin cunkoson nan na ji Sakkwatanci da Katsinanci da Zazzaganci duk ta taga ɗaya. Daga Ikorodu hanya ta saki.

Tsohon ya tarbe mu da "Alaji, Alaji", Kawu ya amsa masa da Yarabancin da ya fi na yaransa nauyi, yarinyar ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi. Gonar duhu ce da rana tsaka. Goro da koko a cakuɗe, ganye mai kauri da sheƙi, ƙasa lulluɓe da ruɓaɓɓen ganye, iska ba ta motsi, gumi kawai ke bin baya. Mun yi sa'a lokacin fure ne. Furen a cure yake a jikin rassa, fari-fari mai baki biyar, da ratsin ja mai duhu a ciki. Ta ce abin da ido ke gani ɗin ba ainihin ganyen fure ba ne, kwanson da ke rufe toho ne ya yi launi ya karɓi aikin. Iri biyu ne a bishiya ɗaya: ƙanana, wajen santimita 2, su ne maza masu garin barbara, sai manya, da kan kai santimita 5, su ne ke ɗaukar 'ya'ya. Na kai hanci, na janye. Ba ƙamshin da aka yi don mutum ba ne, ƙudaje aka yi wa shi.

Tsohon ya nuna mana wata bishiya da ya ce ta gaji da fure ba ta ba shi komai, raguwa ce. Yarinyar, cikin ladabi, ta ce wataƙila ba lalaci ba ne. Bishiyoyin goro da yawa ba sa karɓar garin furensu na kansu, wasu ma ba sa karɓar na maƙwabciyarsu in ba su dace ba, shi ya sa za ka ga fure ya cika bishiya amma 'ya'ya kaɗan. Cibiyar binciken koko ta ƙasa da ke Badun, wadda aka kafa a 1964 kuma goro yana cikin aikinta, ta daɗe da nuna cewa barbara da hannu tsakanin bishiyoyin da suka dace tana ƙara yabanya sosai. Tsohon ya yi dariya ya ce wa zai hau bishiya yana bin fure ɗaya-ɗaya da shekarunsa. Gaskiyarsa.

In barbarar ta kama, wata huɗu zuwa biyar ake jira. Kwanso ya fito kore mai ƙuraje, har guda biyar daga fure ɗaya, a ciro da ƙugiya a kan doguwar gora daga Oktoba zuwa Disamba. Mata su fasa, su jiƙa, su saɓule farar fatar da ke jikin kowane goro, a zuba a kwando ya yi zufa kafin a naɗe a ganye. Fari da ja suna iya fitowa daga kwanso ɗaya. Abin da muke tauna kuwa shi ne ɗan tsiron kansa da guzurinsa: ɓarin nan biyu su ne ganyensa na farko, ɗan ƙullin da ke tsakaninsu shi ne zai zama bishiya. A nan ne ta ƙara mini wani abin da ya yi mini daɗi, cewa goro gida ɗaya ya fito da kuɓewa da yakuwa da rama da lalo da kuka da auduga da koko, dangin da ake kira Malvaceae. Wato miyar Bahaushe da rigarsa da goron ɗaurin aurensa duk 'yan uwa ne.

A jikin bishiyar ma tsirran hanta ba su bar mu ba. Akwai wasu tabo masu ruwan ƙasa manne da ɓawo, ta ce Frullania ce, mai 'yan ganye a jere, a ƙarƙashin kowane ganye da 'yar jaka mai riƙe ruwa. Ba ta shan komai a jikin bishiyar, wurin zama kawai take nema. Mai cutar goro shi ne kauci, wanda ke huda reshe ya sha ruwansa, shi kuwa mai fure ne, ɗan gidan manya.

A gindin bishiyar nan ta kawo maganar da ta fi tsaya mini a rai a duk tafiyar. Kowace ƙwayar halitta a jikin bishiyar goro tana ɗauke da gado kashi biyu, na uwa da na uba, yadda yake a jikinmu. Koren jikin Riccia kashi ɗaya yake ɗauke da shi. A cikin ɗan kwarin nan na tsakiyarta akwai wasu 'yan ramuka, wasu na maza, wasu na mata. Ƙwayar namiji tana da wutsiya biyu, iyo take yi, kuma ba ta da hanyar isa ga ta mace sai an yi ruwa ya kwanta a kan tsiron ko da siririn shafe ne. In sun haɗu, sai a samu mai gado kashi biyu. To wannan ɗin ba ya fitowa waje. Ba shi da saiwa, ba shi da kara, ba shi da ganye. Ɗan ƙullutu ne da ke kwance a cikin jikin uwar yana ci daga gare ta, in ya nuna ya yi baƙi, ka hango shi ɗigo-ɗigo ta cikin koren. Cikinsa cike yake da ƙwayoyin iri, ba ya ma fashewa da kansa, sai jikin uwar ya ruɓe sannan su zube, ruwa ya kwashe su ko su bi laka a ƙafar mutum ko dabba.

"To Yaya, wannan ɗan baƙin ɗigon, shi ne takwaran bishiyar da kake jingine da ita."

Na ɗaga kai na dubi bishiyar. Na ce to ina takwaran koren jikin a wajen goro? Ta ce yana nan, an matse shi ne har ya ɓace wa ido: garin barbarar da ƙuda ke ɗauka a ƙafa, da wata 'yar jaka mai ƙwayoyi kaɗan a can cikin furen mace. Zango biyun nan duk tsiro yana da su, sai dai wanda goro ya girmama shi Riccia ta ƙanƙanta, wanda ta girmama shi goro ya ɓoye. Ribar goro a nan babba ce. Ba ya jiran ruwa kafin ya yi barbara, garin ya sauka a kan fure ya tsiro da siririn bututu ya kai saƙo har ciki, ɗan da aka samu kuma a sallame shi da guzuri.

Sai dai akwai inda lissafin ya juye, kuma a gida ta nuna mana shi bayan magariba, Kawu yana kan tabarma yana jan carbi. Ta ɗauko wata 'yar ambulan ta takarda, a ciki akwai ɓallin busasshiyar ƙasa da ta ɗebo tun rani, da wasu baƙaƙen zaruruwa a kai waɗanda ba za ka ce sun taɓa rai ba. Riccia ce da ta bushe ta naɗe gefenta sama, 'yan ɓawon da ke ƙarƙashinta suka rufe koren. Ta ɗora a faranti ta ɗiga ruwa. Kafin a kira isha'i ta warware ta koma kore. Ire-irenta da dama haka suke ƙetare rani, waɗanda jikinsu bai jure ba kuma ƙwayoyin irinsu masu kaurin bango su kwanta a ƙasa har damina ta zagayo. Sai ta ɗauko wani goro da ya faɗa bayan kwando ya ƙeƙashe, ta ajiye a gefen farantin. Wannan ko a rijiya ka jefa shi ya tafi ke nan. Irin goro, kamar na koko da mangwaro, ba ya jure bushewa. Gero ka zuba a rumbu ya shekara, goro kuwa da ransa ake safararsa, yana numfashi a cikin huhu tun daga kurmi har Kano.

A makaranta an koya mana cewa akwai manyan tsirrai da ƙananan tsirrai, masu fure a sama, su Riccia a can ƙasan tsani. Ni dai a ganina wannan tsanin tsawo kawai ya auna da bututu. In da da juriya aka auna, da jerin ya sauya. Goron da ba a ɗaura aure ko a raɗa suna sai da shi, ba zai iya zama a garinmu ba. In ban da irin kurmin bakin rafi na Laboji a ƙasar Nufe, wanda goronsa ya yi suna tun zamanin sarakuna, Arewa ba ta da laimar da yake so. Shekara da shekaru muna bin sa Kudu da jaki da jirgi da tirela, har muka kafa garuruwa saboda shi. 'Yar tsiron nan kuwa danginta suna nan a fadamunmu. Ni da nake noman rani a Kura na sha ganin irin da'irorin nan a kan laka idan ruwa ya ja baya, kafin ciyawa ta rufe wurin. Suna cikin masu fara kama ƙasar da ta tsiraita su ɗaure fuskarta.

Kawu dai duk wannan bai burge shi ba. Ya leƙa farantin, ya ce ikon Allah, ya koma kan carbinsa. Can sai ya ɗago.

"Nawa ake sayar da ƙwaryarta?"

"Baba, akwai 'yar uwarta, Riccia fluitans, mai yawo a kan ruwa. Masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi suna sayenta a ƙasashe da dama."

Ya ajiye carbin. "Da kuɗi?"

"Da kuɗi."

"Ta bayan siton nan fa?"

"Wannan ta ƙasa ce, Baba, ba ta iyo."

"To gobe a kankare ta. Baƙi za su cika gidan nan, kar a ce muna kiwon gansakuka."

Nan aka shiga ciniki, kuma na ga cewa jinin fatake bai tsallake ta ba. Ta ce ire-iren Riccia ba a rabe su da ido, sai an duba zanen da ke bangon ƙwayar irin a madubin ɗakin bincike, nata kuwa ba su nuna ba tukuna, ɗigon bai yi baƙi ba. In an kankare yanzu aikinta na makaranta ya tafi. Kawu ya ce aikin makaranta ba ya hana surukai gani. Ta ce za ta kifa tsohon kwando a kai har a watse biki. Ya ce kwandon ma kuɗi ne. A ƙarshe aka daidaita: za a bar mata wurin har ƙarshen Oktoba, ita kuma duk Asabar ɗin da ta zo gida za ta zauna da yara tsintar mai sankara. Kawu ya sa ni shaida, ya ɓare farin goro ya ba ni ɓari ɗaya, ya ce in ta saɓa, ni zan zo daga Kano in yi tsintar.